Kogon Burunikel da mutuncin mutumin Neyandatal

A shekarar 1856 masu fasa dutse suka tono waɗansu ƙasusuwa a kwarin Neyanda na ƙasar Jamus, inda wannan jinsin ɗan Adam na dauri ya samo sunansa. Bayan rabin ƙarni, masanin Faransa Marcellin Boule ya siffanta shi a matsayin halitta mai doro, marar basira. Daga baya aka gano cewa ƙwarangwal ɗin da ya dogara da shi na wani tsoho ne da ciwon gaɓɓai ya tanƙwara. Amma kafin nan mummunan suna ya riga ya bi shi.

Kayan aikinsa ne suka fara ƙaryata wannan hukunci. A mafakar dutse ta Mustiye, a kudu maso yammacin Faransa, an tono kayan yanka da na kankare fata na ƙanƙara. Maƙerin yakan sassaƙe dunƙulen dutse ta kowane gefe tukuna, sa'an nan da bugu ɗaya ya ɓalle ɓallin da ya nufa. Wanda ya yi haka ya ga wuƙar a zuciyarsa tun tana cikin dutse.

Shaida mafi ƙarfi ta fito ne daga kogon Burunikel, a kwarin Aberon, wanda wani matashi ya tono ƙofarsa a 1990. A nisan mita 336 daga bakin kogon, inda hasken rana ba ya kaiwa, an tarar da guntaye kusan 400 na tsinin duwatsun da ɗigon ruwa yake tayarwa daga ƙasan kogo. An kakkarya su, an jera su zobe biyu da tsibi huɗu. Nauyinsu ya zarce tan 2. Akwai alamun wuta a jikinsu, da ƙonannun ƙasusuwa. A 2016 tawagar Jacques Jaubert ta bayyana cewa ta auna sabon dutsen da ya tsiro a kan karayar, ta sami shekaru kimanin 176,500. A wancan zamani Neyandatal kaɗai ne a yammacin Turai.

Shiga irin wannan duhu yana bukatar wutar da ba za ta mutu a hanya ba. Jera duwatsun kuwa sai da taron hannu da fahimtar juna. Neyandatal ya ɓace kimanin shekaru 40,000 da suka wuce bai bar rubutu ba, kuma an yanke masa hukunci kafin a saurari shaidarsa. Ba shi kaɗai ne marar rubutun da tarihi ya yi wa haka ba.