Sarƙar Haibara da Ladan Masu Jinyar Mayaƙa

A 1883 Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta ƙirƙiro lambar girmamawa domin mata masu jinyar sojoji, kuma Florence Nightingale tana cikin waɗanda suka fara samun ta. Littattafan Sira kuwa sun kawo makamancin haka tun fiye da ƙarni 12 kafin nan.

A shekara ta 5 bayan Hijira, cikin tantin Rufaida a masallacin Madina aka yi jinyar Sa'adu ɗan Mu'azu bayan kibiya ta same shi a Yaƙin Handaƙ. A shekara ta 7 wasu matan Banu Gifar suka nemi izinin bin runduna zuwa Haibara domin kula da masu rauni. Ibn Ishaƙ ya ruwaito cewa bayan nasara Manzon Allah (SAW) ya rataya wa yarinya ɗaya daga cikinsu sarƙa da hannunsa mai albarka. Ba ta rabu da ita ba har ta rasu, ta kuma yi wasiyya a binne ta da ita.

Shin wannan haƙƙi ne ko karamci? Risala da Muhtasar, waɗanda ake karantawa a zaurukan Talata Mafara, Bakura da Maradun, ba su ba mace kaso cikin ganima ba, Muhtasar ma ya hana ɗan ihisanin da ake kira radhu. Amma amsar Ibn Abbas ga Najda, a Sahihu Muslim, ta tabbatar da cewa masu jinya suna samun wani abu, ko da bai kai cikakken kaso ba. Jumhur a kan wannan suka tafi, kuma a ganina hujjarsu ta fi ƙarfi.