Daga Sarkin Magina Zuwa ARCON: Wa Ke Tsaron Ginin Kano?

A shekarar 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano daga Baro, zamanin Sarki Abbas, kuma a 1912 aka buɗe hanyar Legas. Kafin a je ko'ina gyaɗa ta cika bakin tasha, kamfanonin Turawa da Kwarori sun kafa kantuna da sito-sito tsakanin layin dogo da Fagge, sannan wajen 1913 aka yanka Sabon Gari domin ma'aikatan reluwe da akawuna daga Kudu. Tare da kayan fatauci, jirgin ya sauke siminti da kwano da ƙarfe, waɗanda suka sauya ma'anar gini a garin.

Kafin wannan lokaci Kano ba ta rasa mai tsaron gini ba. Akwai Sarkin Magina, shugaban masu sana'ar, wanda fada ke nema in za a gyara gidan sarki ko badala. Yaro yakan tashi a hannun ubansa ko ubangidansa, ya fara da kwaɓa ƙasa da mulmula tubali, ya daɗe yana miƙa kaya kafin a yarda ya jera azara. Ɗaurin bakan gizo kuwa sai wanda ya goge, domin in aka kuskure lissafin azara ɗaya, damina za ta tona asiri. Magini ba shi da takardar shaida, amma kowa ya san gidansu, kuma in soro ya rufta an san ƙofar da za a buga. Daga irin wannan makaranta Muhammadu Durugu, Babban Gwani, ya fito har ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19.

A wajen ganuwa abin ya sha bamban. Dokar garuruwa ta 1917 ta sa yankin tasha da Sabon Gari ƙarƙashin jami'in Bature, zane kuma yana fitowa daga ofishin ayyuka na gwamnati ko na reluwe. Wato mai zane ma'aikacin hukuma ne, albashinsa daga baitulmali, mai duba aikinsa ma haka. Sarkin Magina ba shi da ta cewa kan bulo da rodi, Turawa kuma ba su damu su koya wa 'yan ƙasa zane ba sai can ƙarshen mulkinsu. Sashen koyar da zanen gine-gine na farko a Najeriya ya zauna a Zariya ne a shekarun 1950, ya kuma zama ɓangaren Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962.

Ƙungiyar masu zanen gine-gine ta ƙasa, NIA, ta kafu a 1960. Amma ƙungiya ba ta hana kowa aiki. Sai a 1969, ana tsaka da yaƙin basasa, gwamnatin Janar Gowon ta fitar da Doka ta 10 wadda ta kafa ARCON, hukumar da ke yi wa masu zane rajista, tana tantance karatunsu, tana hukunta wanda ya ci amanar sana'a. Hukuma ce ta Tarayya, ba ta jiha ba. Jihar Kano ba ita ke ba da lasisi ba, ba kuma ita ke ɗaukar nauyin mai bayarwa ba. Abin da ke hannunta shi ne izinin gini, wanda yau hukumar KNUPDA ke bayarwa. A tsakanin hatimin Abuja da sa hannun Kano ne ɓaraka take. Duk wanda ya taɓa gini a garin nan ya ji labarin zanen da wani ya yi, a kai wa mai rajista ya buga hatimi a biya shi, alhali bai taɓa taka filin ba. Haka kuma bene mai hawa biyu a takarda yakan wayi gari da hawa huɗu.

A 2023 Ofishin Kasafin Kuɗi na Tarayya ya sanar da hukumomin ƙwararru da dama cewa za a daina ba su kuɗi daga kasafi, su riƙe kansu da kuɗin rajista. Na fahimci hujjar, aljihun gwamnati ba rijiya ba ce. Sai dai ban yarda da ita ba a kan harkar gini. Hukumar da abincinta ke fitowa daga aljihun waɗanda take sa wa ido, da wane ƙarfi za ta ƙwace lasisinsu? Kuma wanda gini ke ruftawa a kansa ba mai zane ba ne. A watan Agustan 2022 bene da ake kan ginawa ya rufta a Titin Beirut, kasuwar waya, tafiyar ƙafa kaɗan daga tasha. Mutanen da suka fito neman halaliyarsu aka riƙa zaƙulowa daga ɓaraguzai.

Kano ba ta buƙatar kafa tata hukumar lasisi, doka ta riga ta bai wa Tarayya wannan. Abin da za ta iya shi ne ta ware kuɗi a kasafinta na shekara domin masu duba gini: ƙwararru masu rajista, da motar zuwa fili, da albashin da zai hana su karɓar na goro. A tilasta kafa allo a bakin kowane bene, da sunan mai zane da lambar rajistarsa, yadda mai wucewa zai karanta. A kuma jawo shugabannin birkiloli da magina cikin aikin, tunda su suka san buhun siminti nawa aka zuba a kwaɓi. Majalisar Dokokin Jihar Kano ce ke da wuƙa da nama a kan kasafi, ita ya kamata 'yan kasuwar Fagge da Sabon Gari su tunkara da wannan buƙata.