Tabon yunwar ƙuruciya, daga ɗakin bincike zuwa ƙauyukan Jazira

A ƙarshen shekarun 1950, Harry Harlow na Jami'ar Wisconsin a Amurka ya fara raba jariran birai da iyayensu mata. Madara ba ta yanke musu ba, amma waɗanda aka keɓe suka taso a takure, suna ƙanƙame jikinsu a lungu, ba sa shiga cikin 'yan'uwansu.

A 1977 Roger Porsolt ya fito da gwajin iyo a Faransa: a jefa ɓera cikin ruwan da ba mafita, a ga saurin da zai daina fafutuka. Da wannan gwaji, da na ruwan sukari wanda ɓera mai damuwa ke rage sha, bincike da dama ya nuna cewa ɓerayen da aka tauye wa uwarsu abinci mai gina jiki lokacin ciki da shayarwa, ko aka riƙa raba su da ita na sa'o'i kullum, sukan girma da saurin karaya. A 2004 tawagar Michael Meaney a Jami'ar McGill ta Kanada ta gano ɗaya daga cikin dalilan: ɗan ɓeran da uwarsa ba ta yawan lasarsa, ƙwayar gadon da ke taka wa sinadarin firgici birki a ƙwaƙwalwarsa takan raunana har girmansa.

Wannan ilimi ya shafi Hausawan Sudan kai tsaye. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa garin Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sennar, kuma aikin audugar Jazira da aka buɗe a 1925 ya jawo ƙarin jama'a. A yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, dakarun RSF masu yaƙar sojojin Sudan sun kama garin Wad Madani a Disamba, sannan garin Sinja a Yunin 2024, duka a wannan yanki. Noma ya durƙushe, asibitoci da yawa suka rufe, iyaye suka yi hijira da goyo. Sojoji sun karɓe Sinja a Nuwamban 2024, Wad Madani kuma a Janairun 2025.

Yaran da aka yaye a wannan tsakanin suna buƙatar abin da ya wuce abinci. Wani bincike ya nuna haka: a Kingston ta Jamaika, daga 1986, an bi diddigin yaran da tamowa ta tsumburar. Waɗanda aka shekara 2 ana ziyartar gidajensu mako-mako, ana koya wa iyayensu wasa da hira da su, sun kai shekara 17 da ƙarancin ciwon damuwa. Waɗanda aka ba ƙarin madara kaɗai ba su samu hakan ba.