Daga Yari zuwa gandiroba: wa ke ɗaukar nauyin ɗan fursuna?

Duk lokacin da azumi ko Sallah ya ƙarato, sai ka ga hotuna a Facebook: jami'an gidan yari sun yi karo-karo sun sayi sabulu da tabarmi, ƙungiyar matansu ta kai ziyara da kayan abinci, ko sun bi masu hali an biya wa wasu tara an sallame su. Mu kuma mu danna "Allah Ya saka" mu wuce. Ni ma'aikacin gwamnati ne, na san me albashi yake iya yi a wannan zamani. Shi ya sa nake tambaya: yaya aka yi gandiroba, wanda aikinsa tsaro ne, ya koma mai yawon neman taimako? Amsar tana cikin tarihi.

Ku fara da sunan kansa. "Gidan yari" ba kalmar Bature ba ce. Yari sarauta ce a tsarin masarauta, shi ne mai kula da ɗaurarru, gidansa kuma shi ne kurkukun. Da Turawa suka ci Kano a 1903 ba su rushe tsarin ba, sai suka ɗora nasu a kai. A 1910 aka gina gidan yarin Kurmawa, dab da fadar Sarki, daga baya na Goron Dutse ya biyo. Duka suna ƙarƙashin En'e. Alƙalin da ya yanke hukunci na En'e ne, ɗan dokan da ya kamo na En'e ne, abincin fursuna kuma daga Baitulmalin En'e yake fitowa, wato daga harajin talakawan Kano.

Ba ina cewa zamanin aljanna ba ne. 'Yan NEPU sun sha ɗauri a waɗannan gidaje a shekarun 1950, ita kanta Hajiya Gambo Sawaba an ɗaure ta a nan Kano. Amma akwai abu guda da ya kamata mu lura da shi: hukumar da ta ɗaure mutum, ita ce ke ciyar da shi. In alƙali ya cika gidan da mutane, asusun En'e ne zai ji a jikinsa.

Wannan igiya ta tsinke ne a zamanin soja. A 1967 aka ƙirƙiro Jihar Kano, Audu Bako ya zama gwamna. A 1968 gwamnatin tarayya ta karɓe gidajen yarin En'e ta haɗe su a hukuma ɗaya, dokar soja mai lamba 9 ta 1972 ta ƙara tabbatar da haka. Kotunan alƙalai kuwa suka koma hannun jiha. To kun ga inda gizo ke saƙar: jiha ce ke aika mutane, tarayya ce ke ciyarwa. Mai cika tulun daban, mai ɗaukarsa daban. Fiye da shekara hamsin muna a haka, har ya kai kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a ma yanke musu hukunci ba.

Wa ke tsaye a tsakiyar wannan giɓi? Gandiroba. Ba gwamna ke jin tarin mara lafiya da tsakar dare ba, ba minista ke ganin mutumin da wata shida babu wanda ya zo dubansa ba. Shi ne yake gani. A nan Ƙauyen Alu muna da maƙwabta masu wannan aiki, wasu sun yi ritaya. In kun zauna da su bayan Magariba za ku ji irin labarin: wane an sallame shi ba shi da kuɗin motar komawa ƙauye, sai da aka haɗa masa ɗari biyu-biyu. Wane tarar da ta riƙe shi ba ta kai kuɗin buhun masara ba. Karo-karon daga nan ya samo asali, ba daga wata takardar ofis ba.

Ita kanta gwamnati ta bi wannan hanya. A Nuwamban 2023 Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya tara Naira miliyan 585 daga kamfanoni da masu hannu da shuni, domin sakin mutum 4,068 da tara ko diyyar da ba ta wuce miliyan ɗaya ba ta riƙe su. Ku raba ku gani: kusan Naira dubu 144 kowane mutum. A 2024 kuma aka ƙara kuɗin abincin fursuna daga Naira 750 zuwa 1,125 a rana. Ku yi lissafi da ni: wanda aka tsare kan tarar dubu 20, cikin kwana 18 ya cinye abin da ya fi tarar. In ya yi wata shida fa? Asara kan asara, ga iyalinsa a waje babu mai ciyarwa.

Yanzu uzuri ya ƙare. Dokar 2019 da ta sauya sunan zuwa gidan gyaran hali ta tanadi hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar yi wa al'umma aiki. Gyaran tsarin mulki na 2023 kuma ya ba jihohi damar shiga harkar gidajen yari kai tsaye. An gina babban gida a Janguza mai ɗaukar mutum 3,000, gwamnatin Kano ma ta bayyana niyyar mayar da Kurmawa gidan tarihi. Amma faɗin gini ba ya biyan tara, kuma Janguza ta fi Kurmawa nisa ga tsohuwar da za ta kai wa ɗanta tuwo.

Saura mu. Cikin mutum takwas da ayar zakka ta lissafa akwai wanda bashi ya yi wa katutu, kuma muna da Hukumar Zakka da Hubusi a jihar nan. Masallatan Juma'a na Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Unguwa Uku suna tara kuɗin fanka da janareto, me zai hana a ware Juma'a ɗaya a wata domin masu ƙaramar tara? Sharaɗi uku kawai: a nemi sunaye ta ofishin walwala na gidan, a biya a kotu a karɓo rasit, a karanta lissafi a gaban jama'a. Kada a damƙa kuɗi a hannun mutum ɗaya, don kare mutuncinsa da namu. Kuma a daina ɗaukar fuskokin waɗanda aka saka a hoto, mutum zai koma unguwa ya nemi aiki da aure.

Ga gandirobobin da ke cire na aljihunsu, Allah Ya biya ku. Amma bai dace a bar muku kayan da jiha da tarayya da mu 'yan unguwa ya kamata mu ɗauka tare ba. Wanda ke cikin kwamitin masallaci, don Allah ya kai maganar zaman wannan mako. Allah Ya sa mu dace.