Tarihin Motocin Ƙarfi na Amurka da Dalilin Rashin Karɓuwarsu a Kano

Motocin ƙarfi na Amurka motoci ne masu ƙofa biyu da ake ɗora wa katafaren inji mai silinda 8, a sayar da su a farashin da matashi ɗan albashi zai iya biya. Galibi ana ƙirga farkonsu daga Pontiac GTO ta 1964. Da tsadarsu ta fara hauhawa, sai kamfanin Plymouth ya fito da Road Runner a 1968, ya cire kayan ƙawa ya bar inji, ya sayar da ita ƙasa da dala 3,000. Zamanin bai yi tsawo ba. Kuɗin inshora ya tashi, dokar taƙaita hayaƙi ta 1970 ta rage wa injuna ƙarfi, sannan takunkumin man da ƙasashen Larabawa suka ƙaƙaba a 1973 ya ƙarasa su.

Tsadar man da ta durƙusar da su can ita ce ta cika aljihun Najeriya. Aka biya ma'aikata kuɗin ƙarin albashi na Udoji a 1975, masana'antun Bompai, Sharaɗa da Chalawa a Kano suka bunƙasa, kuma a shekarar ce kamfanin Peugeot (Fijo) ya fara haɗa motoci a Kakuri da ke Kaduna. Fijo 504 ta zama motar babban ma'aikaci da ɗan kasuwa, daga baya ta direban haya.

Wani zai ce ai fetur na da araha a lokacin, kuma tun Afrilun 1972 ƙasar ta koma tuƙi ta hannun dama irin na Amurka, don haka babu abin da ya hana shigo da motocin ƙarfin Amurka. Gaskiya ne, amma mai sayen mota a Kano ba kuɗin mai kaɗai yake lissafawa ba. Yana duba wanda zai gyara ta idan ta tsaya a hanyar Haɗeja. Gwamnati ta tsare kasuwa da harajin kwastan, ita kanta Fijo take saye, kanikawa suka ƙware a kanta, kayan gyaranta kuma suka wadata a Ƙofar Ruwa. Gudun da ake yabon Road Runner da shi na miƙaƙƙen titi ne mai santsi, alhali 504 ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975 a kan burji da laka. Ko da darajar naira ta faɗi bayan 1986, motocin Kwatano, wato na hannu, na Turai da Japan ne suka maye gurbin Fijo, ba na Amurka ba.