Durƙusawa da Tsayuwa: Tawali'un Kirista a Bakin Kogin Shari

Unguwar Milezi tana can arewa maso yammacin Injamena, kusa da Farsha, a bakin kogin Shari. In ka tsaya a gaɓa da yamma za ka hango ƙasar Kamaru a ƙetare, masunta na jan taru, 'yan kwale-kwale na kai da komo. Sau biyu cikin shekara guda wannan yanki ya karɓi mutanen da suka rasa komai. A watan Disamba 2021 dubun dubatar 'yan gudun hijira suka tsallako daga Kusuri ta Kamaru saboda rikicin makiyaya da masunta, wasunsu suka yada zango a nan. A ƙarshen daminar 2022 kuma Shari da Logon suka tumbatsa, aka kafa wa waɗanda ruwa ya kora rumfunan tampol, har da a Milezi. A irin wannan wuri kalmar da ta fi yawa a bakin mutane, Musulmi da Kirista, ita ce "nufin Allah ne". Abin da nake so in bincika shi ne me Kirista yake nufi idan ya faɗi haka, da kuma abin da bai kamata a bar shi ya nufa ba.

Hausa tana da wadatar kalmomi a nan. Akwai tawali'u da ƙanƙan da kai, akwai haƙuri, tawakkali, sallamawa da miƙa wuya. Kiristocin Hausa, tun fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, sun riƙe "tawali'u" da "nufin Allah" a wa'azi da addu'a. Sai dai kalmomin nan suna zaune kusa da juna ƙwarai, har mai sauraro ya kan ɗauka duk ɗaya ne da ladabin da talaka ke yi a ƙofar mai mulki. Ra'ayina shi ne, miƙa wuyan da Linjila take koyarwa ga Allah kaɗai ake yin sa, kuma wanda ya yi shi da gaske shi ne mutumin da ya fi wuyar lanƙwasawa a hannun ɗan Adam.

Tushen maganar yana lambun Getsamani. Marubutan Linjila ba su ɓoye cewa Yesu ya roƙa a ɗauke masa wahalar da ke gabansa ba. Sai bayan ya faɗi abin da ransa yake so ya ajiye shi ƙarƙashin nufin Uba. Wannan jeri yana da muhimmanci. Mutumin da ba shi da ra'ayi, ko wanda aka riga aka murƙushe, ba shi da abin sallamawa. Haka Bulus ya nuna a babi na biyu na wasiƙarsa ga Filibiyawa: Almasihu da kansa ya sauko, ba a tunkuɗo shi ba. Bahaushe ya gane wannan tuntuni da ya ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Mai tsawo ne ke durƙusawa, kuma in ya tashi tsawonsa na nan.

Ignatiyus na Loyola, wanda ya kafa ƙungiyar limaman Jesuit, ya kasa tawali'u kashi uku a littafinsa na horon ruhu da aka buga a 1548. Na ambace shi ne domin mabiyansa ne suka ɗauki nauyin aikin Katolika a Fort-Lamy, wato Injamena ta yau, wadda kakanninmu mahajjata suke kira Fallomi, daga wajajen 1947. A wurinsa matakin farko shi ne mutum ya ƙi aikata babban zunubi ko da za a ba shi mulkin duniya, ko da za a kashe shi. Na biyu, ya daina fifita arziki a kan talauci ko tsawon rai a kan gajarta, muddin Allah zai sami ɗaukaka. Na uku, ya zaɓi talauci da wulaƙanci domin ya yi kama da Almasihu. Mutane sun fi son tattauna na ukun saboda tsananinsa, amma ni na farkon ne ya fi ɗaukar hankalina. Ƙofar shiga tawali'u, a wannan fahimta, ita ce iya cewa a'a.

Ƙasar Chadi ta ga wannan da idonta. Shugaba Tombalbaye, wanda ya tashi a hannun mishan na Baftis a kudancin ƙasar, ya ƙaddamar da juyin al'adu a 1973. Ya sauya sunan Fort-Lamy zuwa Injamena, ya yar da sunansa na François ya ɗauki Ngarta, ya umarci jama'a su bar sunayen Turawa. Har zuwa nan da wuya a ga laifinsa. Birnin da aka raɗa wa sunan hafsan Faransa da ya mutu a yaƙin Rabeh na 1900 ya cancanci suna na gida. Ɓarnar ta zo ne da ya mayar da yondo, wato tsarin shigar da samarin ƙabilar Sara cikin manyantaka a daji, ya zama dole a kan ma'aikatan gwamnati da sauran maza 'yan kudu. Kiristoci da yawa, musamman na majami'un bishara, sun ga akwai ibadar da lamirinsu bai yarda da ita ba a ciki, suka ƙi zuwa. Aka rufe majami'u, aka kori 'yan mishan, aka azabtar da masu ƙi, aka kashe wasu, har da fastoci. Abin bai lafa ba sai da sojoji suka kifar da shi, suka kashe shi ranar 13 ga Afrilu 1975.

Su wane ne waɗannan mutane? A cikinsu akwai manoman auduga, da malaman makaranta, da masu wa'azin ƙauye, mutanen da aka sani da sunkuyar da kai da biyan haraji. Ba su ɗauki makami ba, ba su nemi kujera ba. Abin da suka yi kawai shi ne abin da Bitrus da manzanni suka yi a gaban majalisar Yahudawa a babi na biyar na Ayyukan Manzanni: suka sa biyayya ga Allah gaba da biyayya ga mutum. Wanda ya ɗauka tawali'u rauni ne ba zai iya bayyana yadda talakan da ya saba cewa "to, ranka ya daɗe" ya tsaya a gaban mai bindiga ya ƙi motsi ba.

Akwai suka mai nauyi da ya kamata a amsa. Za a ce wa'azin tawali'u ya zo Afirka ne tare da tutar mulkin mallaka, ya kuma yi wa masu mulki amfani domin ya koya wa baƙar fata haƙuri da duka. Ban musanta ba. Ko Charles de Foucauld, wanda ya zauna cikin Buzaye a Tamanrasat har aka kashe shi a 1916, wanda addu'arsa ta sallamawa ta zaga duniya, kuma aka ayyana shi waliyyi a 2022, bai rabu da tunanin Faransa mai mulki ba. Za a kuma ce 'yan mishan sun yi gaggawar kiran al'adun Sara aikin shaiɗan, suka raba ɗa da ubansa. Wannan ma akwai gaskiya a ciki. Amma sukar tana nuna yadda aka karkatar da koyarwar ne. Duk lokacin da mai iko ya hau mumbari ya karanta wa na ƙasa da shi ayar tawali'u, alhali shi bai sauko ba, ya juya Linjila a bai-bai, domin a cikinta Ubangiji ne ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa.

Mu koma bakin kogi. Ranar 19 ga Oktoba 2022 gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci saboda ambaliyar da ta shafi mutum fiye da miliyan ɗaya. Washegari, 20 ga Oktoba, jami'an tsaro suka buɗe wuta kan masu zanga-zanga a Injamena da Mundu da wasu garuruwa. Hukuma kanta ta amsa cewa kimanin mutum 50 sun mutu. Masifa biyu a kwana biyu, kuma babban kuskure ne a lulluɓe su da mayafi ɗaya a ce duk ƙaddara ce. Ruwan sama ba a hannun kowa yake ba, amma madatsar da ba a gina ba da magudanar da ta cushe da leda aikin mutane ne, harsashi kuwa yatsa ne ya saki shi. Limaman Katolika, ciki har da Babban Bishop Edmond Djitangar, sun riga sun janye daga taron tattaunawar ƙasa a watan Satumba na shekarar, domin ba su ga ana sauraron juna da gaske ba. Ban ga wani saɓani tsakanin wannan da tawali'u ba.

A kwanakin ambaliyar samarin unguwanni sun kwana suna cika buhuna da yashi, suna jera su a gaɓa, ruwa iya gwiwa, wani na riƙe da bakin buhu wani na zuba shebur. Ba mai tambayar wane ne ya zo daga masallaci, wane ne daga coci. Musulmin cikinsu ya san koyarwar ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Kiristan da ke gefensa yana da tasa a wasiƙar Yaƙub, inda aka tsawata wa mai sallamar mayunwaci da fatan alheri ba tare da ba shi abinci ba. Matar da ruwa ya ci ɗakinta, ta tsira da tukunya ɗaya da tabarma da Littafinta da ya jiƙe, idan ta ce "nufin Allah ne" tana faɗin cewa ranta ba a cikin bangon da ya rushe yake ba, kuma ba wanda ya isa ya raina wannan magana. Da ta gama faɗa sai ta shanya Littafin a rana, ta hura wuta da ɗanyen itace, ta raba ɗan garin da aka ba ta da 'ya'yan matar rumfar gaba, sannan ta bi layi wurin masu rajista ta tambaye su dalilin da ya sa har yanzu sunanta bai fito ba.