Ƙara faifan ajiya na biyu a tsohuwar kwamfutar tebur

Abin da ake fara dubawa shi ne mahaɗar da ke jikin babban allon kwamfutar. Waɗanda aka ƙera kafin 2003 galibi IDE gare su, mai faffaɗar waya da ke ɗaukar faifai biyu, kuma tilas a saita ɗan makullin da ke bayan kowanne: ɗaya jagora, ɗaya mabiyi. A SATA kuwa kowane faifai da siririyar wayarsa.

Ana zare wuta kafin a buɗe akwatin. Bayan an jona wayar bayanai da ta lantarki, ana tabbatar da cewa BIOS ta ga sabon faifan, sannan a yi masa fomatin. A nan haɗarin yake, domin kuskuren zaɓar faifan da ke ɗauke da bayanai kan shafe hotuna da takardun da aka yi shekaru ana tarawa.